Tarihin Kiristocin ƙasarmu na jiran masu rubutawa

Jama'a, da yawanmu mun taɓa kai marar lafiya likitar Galmi, amma kaɗan suka san mafarinta. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe Galmi a 1950. Wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Barbara Cooper, ta rubuta littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, sai dai da Ingilishi, harshen da akasarinmu ba mu ji. Lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, Janairun 2015, maƙwabtanmu aka taɓa, ba baƙi ba. Ɗalibanmu, tsofaffin da suka ga zamanin mishan suna ƙarewa. Ku je ku ɗauki maganarsu tun da sauransu.