Zinariya Uku a Finafinan James Bond

Cikin finafinan James Bond 25 da kamfanin Eon ya fitar tun daga 1962, uku ne ke ɗauke da kalmar zinariya a sunansu: Goldfinger (1964), The Man with the Golden Gun (1974) da GoldenEye (1995). Duk wanda ya kalle su a jere zai ga yadda dukiyar duniya ta riƙa sauya maɓoya.

A 1964 darajar dala a jikin zinariya take. Amurka ta ɗauki alkawarin bai wa kowace gwamnati oza ɗaya na zinariya a kan dala 35. Shi ya sa mugun fim ɗin, Auric Goldfinger, ya nufi rumbun Fort Knox da bam mai gubar nukiliya, don ya gurɓata zinariyar Amurka, tasa ta yi tsada. Sunan nan kuwa aro ne. Marubucin littafin, Ian Fleming, ya ɗauko shi daga wani mai zanen gine-gine a Landan, Ernő Goldfinger, wanda ya fusata har ya yi barazanar zuwa kotu. Kamfanin ɗab'in ya biya masa kuɗin lauya, ya haɗa masa da kwafi shida na littafin.

Shugaba Nixon ya janye wancan alkawari a 1971. Zuwa fim na biyu, zinariya ta koma ado a hannun makashi Scaramanga. Abin da ake rububi a kai na'urar makamashin rana ce, domin a lokacin duniya na fama da tsadar man fetur ta 1973.

Na uku ya fi tsaya mini a rai, wataƙila saboda rubuta manhaja ce sana'ata. Goldeneye sunan gidan Fleming ne a Jamaika, kuma sunan wani shirin leƙen asiri da ya tsara lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko da Jamus za ta kutsa Gibraltar ta cikin Sifaniya. Amma a fim ɗin ba a je satar zinariya ba. Tsohon jami'i 006 so yake ya kwashe kuɗin Bankin Ingila ta kwamfuta, sannan ya ƙona na'urorin Landan daga tauraron ɗan'adam don bayanan su shafe. Yaronsa Boris, ɗan uwanmu a sana'a, shi aka ɗora wa aikin. Yanzu in na sake kallo, ba na ma bin harbe-harben, tunani nake: bankin nan ba shi da kwafin bayanai a wani garin ne?