Yadda Gadon Sarautar Rum Ya Haura Taurari

A watan Agustan 1941, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Isaac Asimov ya shiga ofishin John W. Campbell, editan mujallar Astounding Science Fiction a birnin New York, da wata shawara. Ya karanta tarihin rushewar daular Rum da Edward Gibbon ya fara wallafawa a 1776, yana son ya ɗauko wannan rushewa ya shimfiɗa ta a kan taurari. Labaran Foundation suka fara fitowa a 1942, aka tattara su littattafai uku tsakanin 1951 da 1953. Tun daga nan, marubucin ƙagaggen labarin kimiyya da ya hango shekaru dubbai masu zuwa, sau da yawa sarkin sarakuna yake gani a can, ba shugaban da aka zaɓa ba.

Kafin Asimov akwai Ming, azzalumin sarkin duniyar Mongo a zanen Flash Gordon na 1934, amma shi dodo ne kawai, an zana shi da tsoron mutanen Asiya da ya cika Amurka a lokacin. Asimov ne ya sa wa kujerar hankali. Sarkinsa Cleon na Biyu yana zaune a Trantor, yana da gwarzon janar, Bel Riose, wanda ya kusa murƙushe abokan gaba. Sai nasarar ta zama laifinsa: sarki ya tsorata, ya kira shi gida, aka kashe shi. Wanda ya san tarihin Rumawan Gabas zai gane Justinian da janar ɗinsa Belisarius, wanda ya ƙwato arewacin Afirka a shekarun 533 zuwa 534 amma bai tsira daga zargin fada ba. A ganina nan ne gwanintar take. Daular da ta yi faɗi har sarki ba ya ganin iyakarta dole ta dogara da hakimai da janarori, kuma duk wanda ya iya aiki shi ne abin tsoro.

Frank Herbert ya juya gabas. A littafin Dune na 1965, sarautar Shaddam na Huɗu ita ce Padishah, laƙabin Farisa da sarakunan Usmaniyya da na Mughal suka ɗauka. Sarki ne mai mayaƙa, Sardaukar, amma ba ya motsi sai da yardar manyan gidaje da ƙungiyar matuƙan jiragen sararin samaniya. Wanda ya tumɓuke shi kuwa, Paul Atreides, mutanen hamada sun karɓe shi a matsayin Mahdi, sunan da mai karatun Hausa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Palpatine na finafinan Star Wars ya bi sawun Augustus na Rum: sanata ne, ya zama shugaban jamhuriya, sannan a fim ɗin 2005 ya naɗa kansa sarki majalisa na tafi.

Abin lura, duk wannan ya faru ne sa'ad da sarautar sarkin sarakuna ke ƙarewa a doron ƙasa. An hamɓarar da Haile Selassie a 1974. A 1977, shekarar da Star Wars na farko ya fito, Bokassa ya ɗora wa kansa kambi a Bangui yana kwaikwayon Napoleon, kuma a 1979 sojojin Faransa suka taimaka aka kawar da shi. Yau Japan kaɗai ke da mai riƙe da wannan sarauta, shi ma tsarin mulkin 1947 bai bar masa ikon gwamnati ba.