Telugu da harshen Norwe: ina ake yin kowannensu?

Idan aka ce Norwe, da yawa daga cikinmu mun san ƙasa ce a can ƙuryar arewacin Turai mai tsananin sanyi. Amma idan aka ce Telugu, sai a yi shiru. Abin mamaki kuwa, masu magana da Telugu sun ninka masu harshen Norwe fiye da sau 15.

Telugu harshe ne na kudu maso gabashin Indiya. Gidansa jihohi biyu ne, Andira Faradesh da Telangana, ƙasar manyan koguna biyu, Godabari da Kirishna, inda ake noman shinkafa sosai. Ƙidayar jama'a ta Indiya ta shekarar 2011 ta nuna mutum miliyan 81 da ɗoriya ne suka tashi da shi a baki, abin da ya sa shi ne na huɗu a ƙasar bayan Hindi da Bengali da Marati. Kada a ɗauka wani reshe ne na Hindi. Danginsu ma ba ɗaya ba, Telugu ɗan'uwan Tamil ne da Kannada da Malayalam, kuma yana da baƙaƙen rubutu nasa na kansa, masu zagaye-zagaye kamar ƙugiya. Birnin Haidarabad kaɗai, hedkwatar Telangana, ya fi ƙasar Norwe gaba ɗayanta yawan jama'a.

Ku da kuke kallon fassarar fina-finan Indiya da Hausa, kun daɗe kuna hulɗa da Telugu ba ku sani ba. Bahubali, wanda ya fito a 2015, mutanen Telugu ne suka yi shi, haka ma RRR, wanda waƙarsa ta ci kyautar Oska a 2023. Ba duk fim ɗin Indiya ne daga Mumbai ba.

Iyakar da harshen yake da ita a taswira yau ba a sama aka same ta ba. Zamanin mulkin Ingila, an raba masu Telugu gida biyu: na bakin teku suna ƙarƙashin Madaras tare da Tamilawa, na cikin ƙasa suna hannun sarkin Haidarabad. Bayan samun ƴancin kai, wani mutum mai suna Potti Siriramulu ya shiga yajin cin abinci yana neman a ba masu Telugu jiharsu, har ya rasu a watan Disamba na 1952. Rikicin da ya biyo baya ya sa gwamnati ta kafa jihar Andira a 1953, aka haɗe ta da yankin Telangana a 1956. Amma harshe ɗaya bai hana rabuwa ba. Ƙorafi kan rabon ruwa da aikin gwamnati ya yi ta ƙaruwa har Telangana ta zama jiha mai zaman kanta ranar 2 ga Yuni 2014. Akwai kuma wani ɗan gari a bakin Godabari mai suna Yanam, inda Telugu ake yi, amma Faransa ce ta mulke shi har 1954, kamar yadda ta mulke mu.

A wajen Indiya, tsofaffin baƙi sun kai Telugu Maleziya da Moris da Fiji da Afirka ta Kudu tun lokacin da Turawa ke kwasar ma'aikata zuwa gonakinsu. Na baya-bayan nan kuwa sun nufi ƙasashen Larabawa neman aiki, wasu Amurka, musamman masu ilimin kwamfuta da likitoci.

Shi kuwa harshen Norwe, labarinsa gajere ne ta fuskar wuri. Kusan a ƙasa ɗaya tak ake yinsa, kuma masu yinsa ba su wuce miliyan 5 da ɗan wani abu ba. Sai dai yana da wata dama: ɗan Norwe yana iya hira da ɗan Suwidin ko ɗan Danmak, kowa na yin nasa, su fahimci juna, ko da yake lafazin Danmak yana ba su wahala. A arewacin ƙasar kuma akwai al'ummar Sami masu nasu harsuna dabam, waɗanda ba su da alaƙa da na Norwe.

Wani abu da ya ja hankalinmu shi ne, wannan ƙaramin harshe hanyar rubutu biyu gare shi, kuma doka ta yarda da duka biyun. Ta farko, Bokmal, ta samo asali daga rubutun Danmak, saboda Norwe ta yi kusan shekara 400 tana ƙarƙashin sarautar Danmak har 1814. Ta biyu, Ninosk, wani masani ne mai suna Ivar Aasen ya aza harsashinta, bayan ya bi ƙauye-ƙauye yana tattara yadda talakawa ke magana. Majalisa ta daidaita matsayinsu a 1885. Yau mafi yawan jama'a Bokmal suke rubutawa, Ninosk ta fi ƙarfi a yammacin ƙasar, amma ɗalibai na koyon duka biyu a lakwal. Baki kuma kowa da karinsa yake magana, har a rediyo da zauren majalisa, babu mai jin kunya.

Su ma sun yi ƙaura. Tsakanin 1825 da 1925, wajen mutum dubu 800 suka bar Norwe zuwa Amurka, suka zauna a jihohi irin su Minesota da Wiskonsin da Dakota ta Arewa, da jaridunsu da coci-cocinsu cikin harshensu. Jikokinsu yau Turanci suke yi, ƙalilan ne ke jin harshen kakanni. Ƴan'uwanmu da ke zaune a waje da iyali sun san yadda hakan ke farawa: yaro yana ji, amma amsa yake yi da harshen makaranta.

To me ya sa sunan ƙaramin ya fi na babban shiga kunne? A ganinmu, ƙasa ce. Harshen Norwe shi ne na majalisa da kotu da fasfo, ga kuɗin man fetur da ake zubawa wajen buga littattafai da fassara. Telugu kuwa, duk yawansa da daɗewar adabinsa tun ƙarni na 11, ɗaya ne cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa, kuma ɗan Haidarabad da ya isa Delhi sai ya koma Hindi ko Turanci kafin a saurare shi.