Mako Shida da Kwana Arba'in

A watan Yulin 1921, a wani asibiti a Paris, aka fara ɗura wa jariri rigakafin BCG ta baki. Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa jim kaɗan bayan haihuwarsa, kakar da za ta rene shi ma tana ɗauke da cutar. Likitoci ba su jira ya yi ƙwari ba, domin ciwon na jiransa a gida.

Irin wannan lissafi ne ya haifi jadawalin da ke kan katin asibiti a yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirinta na rigakafi a 1974, daga baya ta tsayar da mako 6, 10 da 14, saɓanin wata 2, 4 da 6 na Amurka, saboda tarin shiƙa ya fi kisa a farkon watanni. Mako shida kwana 42 ne, dab da fitar mai jego daga arba'in. Nan al'adarmu ta yi katari.

Inda ba ta yi ba shi ne allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ake so cikin awa 24. Gidaje da yawa kan ce a bari sai bayan suna, alhali cikin jarirai goma da suka kamu wajen haihuwa, kusan tara cutar kan zauna musu har girma.