Kiɗa Ba Taro: Shirye-shiryen Nishaɗi na Rediyo Daga Landan Zuwa Hubbare, 1945–1978

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta tsarin nishaɗin rediyon BBC na tsakiyar ƙarni na 20 da abin da ya zama bayan ya iso Arewacin Nijeriya, tana hangen lamarin daga Hubbare a birnin Sakkwato. Hujjarta ita ce rediyo ya raba kiɗa da taron kiɗa, wannan rabuwa kuwa ita ta buɗe wa makaɗa ƙofar gidajen da ƙafarsu ba ta taka ba.

1.0 Tushen Tsarin

A ranar 29 ga Yuli 1945 BBC ta buɗe tashar Light Programme, ta keɓe ta ga raha da waƙa da wasan kwaikwayo, ta kuma rufe ta a 1967. Kayan da ta cika tashar da su daga gidajen wasa na birane suka fito, inda mutum kan yanki tikiti ya ga mawaƙi ya sauka ɗan barkwanci ya hau. Shirin ITMA na Tommy Handley ya gudana daga 1939 har rasuwarsa a 1949, Workers' Playtime kuwa daga ɗakunan cin abincin masana'antu ake watsa shi tun 1941. Akwai kuma Housewives' Choice na 1946, inda matan gida ke aiko da zaɓin faifai.

Rediyon waya ne ya fara kawo shirye-shiryen BBC Nijeriya: Legas a 1935, Kano a 1944, kamar yadda Brian Larkin (2008) ya bayyana. Akwatin katako ne a rataye jikin bango, sai dai a ƙara murya ko a rage, ba a sauya tasha. Aka kafa hukumar rediyon Nijeriya, NBS, a 1951, ta zama NBC a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya soma aiki ranar 13 ga Maris. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda ya koma ƙarƙashin tarayya a 1978.

2.0 Hubbare da Matsayin Kiɗa

Hubbare makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, wanda ya rasu a 1817. Masu ziyara daga Nijeriya da Nijar kan tuɓe takalmi a ƙofa, su yi sallama, su yi addu'a murya ƙasa-ƙasa. Ba wurin kalangu ba ne. Veit Erlmann (1986) ya tattara abin da jagororin jihadi suka rubuta kan kiɗa, kuma mai karatu zai lura cewa ba sautin kaɗai suka tuhuma ba. Cuɗanyar maza da mata, da shagala daga salla, da yabon da ya wuce gaskiya, duk suna cikin abin da aka ƙyamata. Duk da haka, ɗan taki kaɗan daga Hubbare fadar Sarkin Musulmi take, inda Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a zamanin Abubakar III, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Malami da makaɗi sun daɗe a gari ɗaya, kowa ya san iyakarsa.

Rediyo ne ya tsallake iyakar ba tare da ya rushe ta ba. Da ƙaramin akwati mai batir ya yawaita, matar da ke kulle tana iya jin makaɗi Ibrahim Narambaɗa tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta fita ba, maroƙi bai tsaya a zaure ba, maigida bai sa hannu a aljihu ba. Galibin dalilan hani, a ganina, sun rataya ne ga taro, taron kuwa an bar shi a Kaduna.

3.0 Abin da Aka Zuba a Gurbin

Nan ne kwatancen da Landan ya karye. Ɗan wasan Ingila jama'ar da ta biya kuɗi yake yi wa aiki. Makaɗin fada ubangida gare shi: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Musa Ɗanƙwairo ya taso a fadar Maradun kafin ya yi wa Sardauna waƙa. M. G. Smith (1957) ya nuna cewa roƙo hanya ce ta tabbatar da muƙami da asali. Saboda haka abin da jadawalin rediyo ya jera a layin shaƙatawa, a wajen masu shi magana ce mai nauyi, da zuga da habaici da zambo ga 'yan uwan sarki masu harin gadon sarauta. Zambon da dā fadawa kaɗai ke ganewa su yi murmushi, sai ga shi ana jin sa daga Argungu har Maraɗi. Ɗan Anace ma, mawaƙin 'yan dambe, ya samu masu sauraro da ba su taɓa zuwa fagen dambe ba.

Shirin da ya fi kama da na Landan shi ne na zaɓin waƙa, Zaɓi Sonka, amma ko shi ya sauya hali. Mai aiko da kati ba waƙar ce kaɗai ta dame shi ba. So yake a karanta sunansa da na garinsu, a jero iyaye da abokai da surukai. Ambaton suna a bainar jama'a, wanda dā sai mai sarauta ko mai dukiya ke samu daga bakin maroƙi, ya zama abin da tela ko ɗan tireda zai saya da kuɗin kati. Wannan ne, a ra'ayina, babban sauyin da rediyo ya kawo, ya fi na kiɗan kansa girma.

Barkwanci ya bi wata hanya dabam. 'Yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley (1967) ya nazarta, su ne mafi kusa da 'yan wasan dandalin Ingila, sai dai sana'arsu kwaikwayon karatun malamai ce, suna mayar da shi zancen tuwo da miya. A kasuwa wannan raha ce, mai so ya tsaya, mai ƙi ya wuce. A akwatin da ke magana cikin gidan malami kuwa lamarin ya fi tsauri. Wasan kwaikwayo ne ya zama babban gidan dariyar rediyon Kaduna, irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, inda abin dariyar soja ne mai gauraya Hausa da Turancin bariki.