Yadda Kiɗan Na'ura Ya Koyi Tafiya da Hankalin Mai Sauraro

A cikin kaɗe-kaɗen da ake haɗawa da na'urorin lantarki akwai wani reshe da masu shi ba su damu da zaƙin murya ko hikimar baiti ba, burinsu shi ne mai sauraro ya shagala har lissafin lokaci ya kuɓuce masa, ya kasa faɗin ko minti biyar ya yi yana saurare ko rabin sa'a. Mutane da yawa suna zaton maimaici kaɗai ke haifar da wannan hali, alhali na'ura tana iya maimaita bugu ɗaya sau dubu babu kuskure, kuma ba abin da hakan ke jawowa sai gundura. Abin da masu wannan sana'a suka shafe kusan shekara 30 suna koyo shi ne yadda za a ɓoye sauyi a cikin maimaicin, sauyi mai tafiyar hawainiya wanda kunne zai ji alamarsa amma ya kasa nuna inda ya auku.

Darasin farko ya zo ne bisa tsautsayi a shekarar 1965 a birnin San Francisco na Amurka, lokacin da Steve Reich ya ɗauko muryar wani mai wa'azin Kirista da ya riga ya naɗa a dandali, ya yanko ɗan guntun maganarsa, ya haɗa bakin zaren kaset ɗin biyu ya zama zobe mai juyawa ba iyaka. Da ya ɗora zobe biyu masu magana iri ɗaya a kan rikoda biyu, sai ya tarar ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauri, saboda haka muryoyin suka fara tare, suka rabu kaɗan-kaɗan, har suka kai inda suke shiga tsakanin juna kamar taɓare biyu a lugude, ma'anar kalmomin ta narke, kari kawai ya rage. Wannan aiki shi ne It's Gonna Rain. A 1970 Reich ya je Jami'ar Gana da ke Legon ya zauna gaban makaɗin Ewe Gideon Alorwoyie, inda ya ga cewa abin da ya tsinta a wajen rikoda, wato jera gajerun kari masu saɓanin tsawo a kan juna, tsohon ilimi ne a hannun makaɗan Afirka ta Yamma.

A farkon shekarun 1970 kuma, a unguwar Waterhouse ta birnin Kingston na Jamaika, wani mai gyaran rediyo da lasifika, Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, ya bi ta wata hanya dabam. Yakan ɗauki waƙar da aka riga aka gama, ya zare muryar mawaƙi, ya bar ganga da jita mai kaurin amo, sa'an nan ya riƙa jefo guntun murya ko bugu ɗaya cikin na'urar amsa-kuwwa ya bar shi yana dusashewa. Wannan salo, da ake kira dub, ya mayar da teburin cuɗa sauti abin kiɗa mai zaman kansa, ya kuma koyar da cewa ragewa tana kama hankali fiye da ƙarawa, domin kunne yakan ci gaba da jiran abin da aka ɗauke masa.

Na'urar jera sauti, wadda ake tsara mata 'yan sautuka ta yi ta zagaya su da kanta, ita ta kai wannan tunani gidajen rawa. A 1977 Giorgio Moroder ya gina waƙar Donna Summer mai suna I Feel Love a birnin Munich na Jamus kusan gaba ɗaya a kan irin wannan zagaye, kuma a ƙarshen 1981 Manuel Göttsching ya naɗi E2-E4 a zama ɗaya, kusan sa'a guda yana kai da komo tsakanin gungun sauti biyu kacal. Bai kamata a manta ba cewa a 1978, a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, Mamman Sani ya naɗi nasa kiɗan da ogan na lantarki ƙirar Orla ta Italiya, yana sarrafa karin waƙoƙin Bororo da Buzaye cikin natsuwa da maimaici. Mutanen Nijar sun yi shekaru suna jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Babban juyi ya zo daga wata na'ura da kasuwa ta ƙi. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TB-303 a 1981 domin ta maye gurbin mai kaɗa jita mai kaurin amo, amma muryarta ba ta yi kama da jita ba ko kaɗan, aka daina ƙera ta a 1984, ta koma shagunan gwanjo inda samarin baƙaƙen fata na Shikago suka iya sayenta da araha. A jikinta akwai matatar sauti, wato da'irar lantarki mai tace siraran amo ta bar masu kauri, da maɓallan murɗawa da ke buɗe matatar ko rufe ta. Masu ƙirar sun yi nufin a saita maɓallan sau ɗaya a ƙyale su, amma DJ Pierre da abokansa na ƙungiyar Phuture suka bar ɗan gajeren kari yana zagayawa suna ta murɗa su ba tsayawa. Sautukan ba su sauya ba, launin muryarsu ne ke sauyawa, daga gurnani zuwa tsuwa sa'an nan ya komo. Ron Hardy ya riƙa sa wannan kiɗa a gidan rawa na Music Box kafin ya fito a faifai a 1987 da sunan Acid Tracks, mai tsawon kusan minti 12. A nan ne sana'ar ta gane cewa hannun mutum a kan maɓalli, da 'yar rawar da yake yi, shi ne ke hura rai a cikin zagayen na'ura.

A Detroit, birnin masana'antun mota da durƙushewarsu ta bar unguwanni kango, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka kafa salon tekno a shekarun 1980, suna ɗibar darasi daga ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan baƙaƙen Amurka. Robert Hood ne ya tsige salon har ƙashi a faifansa Minimal Nation na 1994. Dabarar da ta yaɗu bayansa mai sauƙin bayani ce: babbar ganga tana bugawa a kowane taku cikin ƙirgen huɗu-huɗu, sai a ɗora mata kari mai taku uku ko biyar, ta yadda ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan taku 12 ko 20, kuma kafin nan kunne ya rasa wanda zai bi a cikinsu.

Balin ce ta haɗa waɗannan zaruruwa. Bayan faɗuwar katangar birnin a Nuwamban 1989, gine-ginen da aka yasar a gabashinsa suka zama wuraren rawa, a 1991 aka buɗe Tresor a ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa na tsohon kantin Wertheim, makaɗan Detroit suka riƙa zuwa suna samun jama'ar da ba su samu a gida ba. A 1993 Moritz von Oswald da Mark Ernestus suka fara fitar da faifai da sunan Basic Channel, inda suka auro amsa-kuwwar Jamaika suka zuba ta a kan gangar Detroit, suka bar ƙurar sauti da shuwar na'ura waɗanda injiniyoyi suka saba gogewa, domin ita ma ƙurar tana motsi, kuma motsinta ba ya maimaita kansa. A watan Maris na 2024 Jamus ta sa al'adar tekno ta Balin cikin jerin gadonta na al'adu, karramawar da ta dace, ko da yake samarin Detroit da Shikago da suka fara murɗa maɓallan ba su sami kwatankwacinta daga ƙasarsu ba.