Gidan Jaekel da jirgin titin da Ikko ta manta

A unguwar ma'aikatan reluwe da ke Ebute Metta, a Ikko, akwai wani tsohon gidan bene da aka gina a 1898, lokacin da ake tsakiyar shimfiɗa dogo daga bakin teku zuwa Badun. Da farko babban manajan reluwe ne ke zaune a cikinsa, daga baya ya koma masaukin manyan ma'aikata. Ƙungiyar Legacy 1995 ce ta gyara shi a 2010, ya zama ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da sunan Francis Jaekel, Baturen da ya daɗe yana aikin reluwe a Najeriya, ya kuma rubuta tarihinta.

An fara aikin dogon a 1896, jirgi ya isa Badun a 1901. Sai dai tashar ta tsaya ne a Iddo, alhali kasuwanni da ofisoshi suna can cikin tsibirin Ikko. Wannan giɓi ne ya haifar da ƙaramin jirgi mai bin titi, wanda ya fara aiki a 1902. Da tururi yake tafiya, faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 kacal, yana haye gadar Carter da fasinja da kaya daga Iddo zuwa cikin gari. Jigilar fasinjan ba ta yi tsawon rai ba. Zuwa farkon 1914 an daina ɗaukar fasinja, aka bar masa aikin da ba mai son ambato: kwashe bahayar gari da dare. A haka ya ci gaba har 1933. A ganina wannan aiki na biyu bai gaza na farko daraja ba, domin lafiyar birni mai cunkoso ta rataya a kansa shekara da shekaru.

Babban dogon kuwa ya yi ta miƙewa arewa. Wani layin da ya taso daga Baro ya shiga Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Ikko ƙarƙashin hukuma ɗaya, kodayake sai da aka jira gadar Jebba kafin a daina tsallakar da taragu a kan Kwara da jirgin ruwa. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragun. Manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta sayenta, har dalar gyaɗa ta tashi a gefen dogo.

Abin da gidan Jaekel ya adana bai taka kara ya karya ba in aka gwada da girman wannan labari: tsofaffin hotuna, kayan aiki, da 'yan na'urorin ofis da na tasha. Amma masu sa kai ne suka tsaya masa, a lokacin da taragu da injuna da dama ke ruɓewa a tashoshin ƙasar nan ba mai waiwayarsu.